Takardar Inshorar da Na Ɓoye Wata Bakwai

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina zaune a Abbasiya cikin birnin Alƙahira. Ni ba ɗalibi ba ne. Littattafai da jallabiyoyi nake saye ina aikawa gida, karatuna bai wuce na allo da ɗan firamare ba. Amma ina son zama cikin ɗalibai, kuma ina son a ɗauka ni ma na san wani abu.

Ina da wani aboki mutumin Nijar, yana karatu yana zaune a unguwar Giza. Ya iya Larabci, ya iya Faransanci. Shi ya fara raka ni kasuwa lokacin da ko kuɗin mota ban iya tambaya ba. Wata Juma'a muna shan shayi a ɗakin wani ɗalibi, aka ɗauko zancen inshora. Abokina ya ce malamai sun yi saɓani, shi kam ya yi wa babur ɗinsa. Sai na gyara zama na ce, "Malam, duk wanda ya sayi inshora bai yarda da ƙaddara ba. Faransancin nan ya cinye maka tawakkali." Aka kwashe da dariya. Ya ajiye kofinsa, ya ce, "Allah ya ƙara sani, Alhaji." Daga ranar bai sake zuwa ba. Gaskiya ban karanta komai a kai ba, dariyar kawai nake nema.

Bayan shekara na sayi mota Fijo a garin Bur Sa'id. Kwana uku ina tuƙi a Alƙahira, tawakkalin nawa ya kaɗe. Bas ta matse ka, tasi ta yanko maka, mai amalanken jaki ya tsaya a tsakiyar titi. Ina da ƙaramar takardar da doka ta tilasta, amma ba ta gyara motar mutum. Na so babbar inshora, sai dai ina tsoron wani ɗalibi ya gan ni ina shiga ofishinsu. Sai na koma Bur Sa'id wajen wani dillali mai wakiltar wani kamfani na ƙasar Turai. Ya ce, "Tamam, ya hajj, ba damuwa, takardunka za su zo ta gidan waya." Na ji daɗi. Kamfani yana hayin teku, ba mai gani na.

Ambulan ya iso, na buɗe, sai ga Faransanci shafi huɗu. Dillalin kuma ya tashi daga shagonsa. Akwai 'yan Nijar a unguwarmu, amma duk sun ji abin da na faɗa ranar Juma'ar nan. Mutum ɗaya na san zai karanta ya rufa mini asiri, shi ne wanda na kunyata. Sau biyu na tuƙa har Giza, na tsaya ƙasan beninsu, na ga wankinsa a baranda, na juya. Na tura takardar ƙarƙashin katifa. Na rage zuwa majalisa, don kullum ji nake kamar an gane. Sai in ɗauki motar in yi ta zagaye ni kaɗai, kujeru huɗu ba kowa, in ci wake a bakin hanya in dawo.

Wata na bakwai, bas ta murƙushe mini ƙofar baya. A ranar na hau benin nan da takarda a hannu.

Ya buɗe ƙofa, ya dube ni, ya ce, "A'a, Alhaji mai tawakkali! Shigo." Ɗakin duk kwalaye a ɗaure. Ya karanta a tsanake, sannan ya ce, "Wannan ba inshora ba ce. Cewa suka yi ka sa hannu a nan, ka mayar musu cikin wata guda, in ba haka ba sun soke. Ma'alish, sai haƙuri. Ba ka da komai a wajensu."

Na yi ta faɗa a kan dillali da Turawa da direban bas. Ya bar ni har na gaji. Ya zuba mini shayi, ya ce, "Jibi zan tafi gida, na gama karatu. Da ka zo tun lokacin, aikin minti biyar ne. Kuma da na samu wanda zai riƙa yawo da ni a Fijo."

Na yi dariya, na shanye shayin, na sauko. Ban ce ya yafe mini ba. Kalmar tana bakina, na tsaya ina lissafin gyaran ƙofa.

Motar an gyara ta cikin sati biyu. Shi kuwa ban karɓi adireshinsa ba, ban kuma raka shi filin jirgi ba. Na ƙara shekara shida a Alƙahira ban yi wani aboki kamarsa ba. Yanzu na tsufa, na sha tambayar 'yan Nijar da ke zuwa kasuwarmu, ba wanda ya san shi. Kuma da me za su san shi? Sunan garinsu ma ban taɓa tambayarsa ba.