Jawabin da Ya Gagari Malama Jan Biro

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Jan Biro, sunan ya bi ta har ɗakin malamai. Tun tana budurwa take koyar da insha'i, kuma takarda ba ta fita hannunta sai ta yi jawur. Waƙafi, aya, babban baƙi, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Amma shekara ta zo ta wuce, rubutun yara yana nan jiya i yau. In ta ce su ba da labarin gidansu, duk ajin sai ya fara da "Gidanmu gida ne mai kyau." Layi kaɗan, an ajiye biro.

"Wai ku a gidajenku ba a faɗa? Ba a dariya?" Haka take yi musu tsawa. Su dai su sunkuyar da kai. Sun daɗe da gane cewa mai gajeren rubutu shi ke shan gajeren duka.

Ana nan sai tsohon malamin lissafi ya zo yin ritaya. Hedimasta ya kira ta ofis.

"Malama, ke ce gwanar alƙalami. Jawabin ban kwana naki ne."

Ranar hutu ta baje takardu a teburin falo. Ta rubuta, "Malam mutum ne mai kirki." Ta soke. Kowace jimla ta ɗauko, kafin ta kai ƙarshe ta ga aibinta. Mijinta ya leƙo, ya ga takardu a dunƙule a ƙasa.

"Maman yara, rubutu ake yi ko shara ake tarawa?"

"Don Allah ka ƙyale ni in ji da abin da ya dame ni."

A wurin taron ta karanta 'yan layukan da suka tsira. Babu kuskure ko ɗaya, babu kuma tsohon a ciki, mutumin da ya saba raba mata alli in nata ya ƙare. Aka tafa mata tafin kara. Ta zauna kunya kamar ta nutse.

Da ta koma aji, sai ta ɗauki alli ta fara rubuta labarin famfon gidanta mai yoyo, tana sokewa tana sakewa a gabansu.

"Malama, kin manta waƙafi!" in ji wata ɗaliba daga bayan aji.

"Bar shi, ba gudu zai yi ba. Mu gama maganar tukuna."

Ajin ya kaure da surutu. Ta ce kowa ya rubuta nasa labarin haka, gyara ya jira. Wata yarinya da ba ta taɓa wuce rabin shafi ba ta cika biyu da labarin kakanta mai ɓoye batirin rediyo a cikin hula. Kurakurai kuwa kamar an watsa tsakuwa. Hannun Malama har ƙaiƙayi yake, ta danne.

Ba a yi nisa ba iyaye suka kawo ƙara, wai ta daina gyara.

"Jarrabawa ba ta san kakan kowa ba," in ji Hedimasta. "Ki koma yadda kike."

Ba ta koma ba, ba ta kuma tsira ba. Yanzu kowace takarda sau biyu take karanta ta: na farko don labari, na biyu don gyara. Aiki ya ninka, bayanta ya fara ciwo, rabin ajin kuma har yau da ƙyar suke motsa biro. Jiya ma ta dawo gida da jaka cike da takardu, ta tarar mijinta ya kwashe kwanuka daga tebur ba tare da ta ce komai ba. Ta zauna, ta ja tsaki, ta jawo ta farko.