Tsuntsun da Ya Ƙi Shiga Hoton Wiebe

Bakin ƙanena Wiebe ya fi idonsa sauri, kuma bai taɓa musun haka ba. Da ya hango tsuntsu a taɓon bakin teku sai ya faɗi sunansa tun bai gama kallo ba. A tsibirinmu na Texel wannan babban aibi ne, domin al'adar masu kallon tsuntsaye ita ce duk wanda ya ga baƙon tsuntsu ya buga waya nan take, kowa ya hau keke ya zo. Sau da yawa Wiebe ya tayar da mutane daga kan abinci, suka iske irin tsuntsun da ke kiwo a bayan gidan kowa. Suka laƙaba masa Na-Gani. Yakan yi dariya ya ce gara ya kira su a banza da ya bar su su rasa.

Mai raba wasiƙu ne har ya yi ritaya, bai yi aure ba. Kwamitin da ke tantance baƙin tsuntsaye bai taɓa karɓar nasa ko ɗaya ba, don ba sa yarda da maganar mutum ɗaya sai da hoto. Bai damu ba, sai ranar da likita ya ce tsakiyar idonsa na mutuwa, nan gaba gefe-gefe kawai zai riƙa gani. Daga ranar nan dariya ta ƙare. Ya ce lallai kafin duhun ya rufe sai an rubuta tsuntsu ɗaya da sunansa.

Ni na raka shi a jirgin ruwa zuwa kantin da ake sayar da madubin hangen nesa, irin wanda ake ɗaura wa kyamara a ɗauki hoton abin da ke can nesa. Mai kantin ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce madubi mai faɗin baki ya fi jawo haske, shi idonsa ke buƙata, amma nauyi gare shi, kuma sai an ɗora shi a kan ƙafafu uku masu nauyi, in ba haka ba iska kaɗan za ta ɓata hoton. Wiebe ya ɗaga manyan ƙafafun, ya dafe ƙugunsa mai ciwo, ya ajiye. Ya zaɓi babban madubi, da zoben da ke haɗa shi da kyamara, da ƙafafu sirara da zai iya ɗaurewa a keke.

Na ce, "Ka ɗora kan saniya a ƙafar kaza."

Ya ce, "Yaya, kazar nake iya ɗauka."

Duk kakar nan a kan madatsar teku ya yi ta. Ya rame. Burodi da cukun da nake ƙunsa masa suna dawowa a aljihu. Abin da yake kawowa gida hotunan ruwa ne da ciyawa, ko baƙin da'ira da ɗigon haske a tsakiya, don zoben bai zauna daidai ba.

Wata safiya wayata ta yi ƙara ina dawowa daga kasuwa. Wiebe ne, murya ƙasa-ƙasa ya ce in zo madatsa, kada in faɗa wa kowa. Na iske shi durƙushe a cikin iska. Ya ce wani ɗan tsuntsun taɓo ne daga Siberiya, wanda ba a taɓa gani a tsibirin ba, yana can cikin garken 'yan'uwansa. Na tambaye shi ko ya kira Douwe, dattijon da ke haɗa kan masu kallon tsuntsaye. Ya ce a'a, sai ya samu hoto tukuna, ba zai ƙara tsayawa a gabansu hannu wofi ba.

Madubin kuwa sai karkarwa yake yi. Ya karɓe jakar dankalina ya rataye a tsakanin ƙafafun, rawar ta ragu amma ba ta daina ba. Ya sa na tsaya ta inda iska ke fitowa, na buɗe rigar sanyina na kare shi. Matsalar ita ce in ya ɗaura kyamara, ɗan gilashinta kawai zai duba, idonsa kuma ba ya rarrabe komai a ciki. Sai ya cire ta, ya nemo tsuntsun da gefen ido, ya mayar, kafin ya gama ɗaurewa tsuntsun ya matsa. Haka muka yi ta yi har ruwan teku ya taso, garken ya tashi gaba ɗaya.

Na leƙa sau ɗaya. Ƙananan tsuntsaye na gani masu launin toka, duk iri ɗaya. Ko shi ne ko ba shi ba ne, ban sani ba, kuma ba zan ce na sani don ƙanena ne ba.

Hoto ɗaya ya nuna wani abu kamar ƙullin ulu a hazo. Shi ya kai wa Douwe a shagon kofi inda suke taruwa. Douwe ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Na-Gani, in ba shi ba ne, ka yi halinka. In kuma shi ne, ka ɓoye mana shi safiya guda. Wanne kake so mu ɗauka?" A wurinsu ɓoyewar ta fi muni.

Kafin kaka ta zagayo idon Wiebe ya ƙara dushewa, ya daina hawa keke. Ya aike ni na sayo ƙafafun nan masu nauyi, na tura su a amalanke tare da madubin, shi yana riƙe da hannun rigata, har shagon kofin. Ya laluba ya sami tebur ya ajiye musu kyamarar. Ba wanda ya tsokane shi.

Ya ce, "Ku riƙe, na kowa ne. Abu ɗaya nake roƙo. In tsuntsun nan ya dawo, ku kira ni tun kafin ku tabbatar. Wanda ke kan madubin ya riƙa faɗa mini abin da yake gani, a hankali, daga baki har wutsiya."