Tiyon da Muka Toshe da Totuwa

Shekarun baya, lokacin gemun nan nawa yana da sauran baƙi, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na gyara zaman hulata. Zan faɗa tun daga farko don kada wani ya wahala wajen neman wawan labarin: ni ne. Ku da ke bina a nan kuna kirana Baba mai hikima, to ku matso ku ji irin hikimar.

Ina da wata tsohuwar mota doguwa, irin wadda ake kwantar da kujerun baya a loda kaya. Gas take sha, kuma tana da abin nan da ake ce wa turbo, wani ƙarfe a naɗe kamar dodon-koɗi da ke tura wa inji iska. Lokacin da take da lafiya, in na taka totur a hanyar Kurfi sai ta riƙa wani siririn fito, ni kuwa in leƙa ta taga in ga ko jama'a sun ji. Sai tsufa ya kama ta. Fiton ya koma kuka, baƙin mai take sha kamar kunu, hayaƙi kuwa in na tashe ta da safe sai maƙwabta su fito duba ko danga ce ta kama wuta.

Na kai ta wurin makanikena a nan Dutsin-Ma. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Alhaji, turbo ya mutu, kuma ya ja injin sun tahi tare. Ka bar mini ita sati uku in nemo irin nata."

"Sati uku? Shuka shi za ka yi?"

"Irin nata babu shi kusa, sai an aika Kano."

Na ce ya riƙe Kanonsa. Ni fa na yi boko har aji biyar, ina karanta rubutun jikin batir ba tare da an taya ni ba. Mutum irina ba a ce masa sati uku.

Ina da wani abokina tun na yarinta, mutumin Tamawa, gyaran injin ban-ruwa da na niƙa yake yi. Shi ya kawo mini labarin wata mota a Kurfi da babbar mota ta murƙushe mata baya, amma gabanta ko ƙwarzane babu. Injinta na fetur ne, ba turbo, ba kuma ƙirar tawa ba ce. Na ce masa anya za su zauna lafiya?

"Mutumina, inji inji ne," in ji shi. "Mai, wuta, iska. Duk sauran wayoyin nan da kake gani ado ne. Ni da na tayar da injin niƙan da ya shekara biyu kaji na ƙwai a cikinsa?"

Maganar ta shige ni. Muka ɗauko injin da giyarsa a amalanken shanu har bakin titi, daga nan a-kori-kura ta kawo mana shi ƙofar gida.

A daidai wannan lokacin tumatirin yayata ya nuna. Ita ce babbarmu, mijinta ya rasu, kuma lambun da ya bar mata a wajen Dabawa shi ne cinta da suturarta. Tsinkar fari ce, wadda ake rububinta kafin kasuwa ta cika. Masu saye daga kudu sukan loda motarsu ranar kasuwa su tashi kafin azahar, wanda ya makara sai ya zauna da kayansa yana korar ƙuda. Ta riga ta yi magana da wani direba zai kwasar mata. Ni na je har gida na hana.

"Yaya, ina da mota a gida ki nemi bare? Ki sallame shi."

"Auta, motar da na ga hanjinta a waje?"

Da furfurata da jikokina, har gobe Auta take kirana.

"Sabon inji nake sa mata. Kwana biyar kawai."

"Kai da wa?"

Na faɗa mata. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina tsallake katanga.

"Wannan mai injin niƙan? To. Allah shi sa ba niƙa ku za ta yi ba."

Amma ta sallami direban. Wannan ita ce kaɗai wautar da ba ni na yi ba a labarin nan, ita ma ni na jawo ta.

Muka tura motar ƙarƙashin bedin da ke ƙofar gidana, muka rataya sarƙa a reshe. Fitar da tsohon injin bai ba mu wuya ba, don kwancewa kowa gwani ne. Shigar da sabon ne ya nuna mana iyakarmu. Ƙafafunsa ba su hau inda na tsohon suke ba, sai da muka kira mai walda ya ƙara ƙarfe nan, ya yanke can. Salansa, bututun fitar hayaƙi, ta ce ita hagu ta sani, injin ya ce shi dama. Muka juye gas ɗin tanki a jarka, muka ɗauraye shi da fetur. Kullum dattawan unguwa sai su baje tabarma a gefe bayan la'asar suna ba da shawara, a cikinsu babu wanda ya taɓa mallakar abin da ya wuce keke.

Ran kwana na huɗu komai ya zauna, sai dai mun sami ragowa. Manyan bututun turbo guda biyu, wannan mun gane, tunda babu turbo babu aikinsu. Wasu wayoyi da ba mu san danginsu ba muka naɗe su da baƙin salatif muka tura gefe. Sai wani tiyo ɗaya, kaurinsa kamar babban yatsa, ya fito daga wata baƙar tukunyar ƙarfe da ke manne a bangon gidan injin, daidai gaban direba. Bakinsa yana lilo, bai da wurin zuwa.

Na juya shi, na leƙa cikinsa, na busa. Na shinshina, ba warin mai, ba na ruwa. Na ɗauko ɗan littafin motar da ke cikin aljihun gaba na buɗe da muhimmanci, dattawa suka zuba mini ido. Na daɗe ina kallon zanen kafin na lura ba ma Turanci ba ne, wani yare ne mai ɗigo-ɗigo a kan baƙaƙe. Ban faɗa musu ba. Na rufe na ce, "Littafi ya ce na turbo ne."

"Na faɗa maka," in ji abokina. "Marayan tiyo ne, ubansa ya mutu. A toshe shi kada ƙasa ta shiga."

To a wurin masu injin ban-ruwa, duk ramin da ba a san aikinsa ba maganinsa ɗaya ne. Ya aika cikin gida aka kawo totuwar masara, ya fiƙe ta da wuƙa, ya murɗa ta a bakin tiyon ta zauna daram.

Muka ba ta wuta. Ta tashi! Sai dai tana wani haki, ta ɗaga murya ta sauke kamar mai jan carbi da barci. Abokina ya kara kunne yana bin injin, har ya gano wani ɗan bututu a jikinsa yana shan iska, fiii. Ya ɗora yatsa a kai, nan take injin ya daidaita.

"Ka ga ɓarawon! Kawo wata totuwar."

Ya fiƙe ta biyu ya toshe. Dattawa suka yi kabbara. Ni kuwa na tsaya ina kallon totuwa biyun nan, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba, wani abu yana ɗan motsi a can ƙasan kaina, amma ya ƙi fitowa. Na bar shi a kan yunwa ce.

Na zagaya unguwa da ita don gwaji. Da na taka birki sai na ji shi tauri kamar na taka dutse, amma da yake motar babu kaya kuma a hankali nake, ta tsaya. Na dawo na ba da rahoto.

"Birki ya yi wani irin ƙarfi."

"Yo ba dole ba? Sabon inji ka sa. Ƙarfin ne ya ratsa ko'ina."

Wallahi na yarda. Har daɗi na ji.

Ranar kasuwa da hantsi muka isa lambun. An jera kwanduna, tumatir ja wur, kowanne an rufe bakinsa da ganye. Muka cika bayan motar har rufi, muka ɗaure sauran a kan kariya, a saman rufin. Yayata ta shiga gaba ta zauna, ta yi bisimilla sau uku, abin da na ɗauka a matsayin cin fuska.

Tsakanin lambun da kwalta akwai wata gangara da ke sauka cikin rafi, a lokacin ya ƙafe sai yashi. Muna kawowa kanta sai ga amalanke a gabanmu ɗauke da kara, shanun suna sauka a natse. Na taka birki. Dutsen nan dai na jiya. Motar ta yi kamar ba da ita nake ba. Na ƙara takawa. Na miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu, hannuwana a sitiyari, hulata ta daki rufi.

"Auta, mi kake yi? Tsaya mana!"

"Ina tsayawa, Yaya!"

"Ina kake tsayawa? Ga shanu nan!"

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan lokacin, kuma ina tuna shi sarai, shi ne injin yana ta aiki lafiya lau, murya sumul. A raina ina cewa, to ai kai na taɓa, ban taɓa birki ba, mene ne haɗinku? Na ja birkin hannu, ya biyo ni kamar ba a ɗaure yake da komai ba. Da na ga karan amalanken ya cika gilashi sai na murɗe sitiyari dama, muka bar hanya, muka gangara ta cikin sabara, motar ta kafa hancinta a yashi ta tsaya cak.

Mu muka tsaya. Tumatir bai tsaya ba.

Na kan kariya ya wuce ta samanmu ya watse a rafi. Na ciki ya taho gaba gaba ɗaya, ta kan kujera, ta kan wuya, ta cikin riga. Da na juya, yayata tana zaune yadda take, hannunta a cinya, ruwan tumatir yana ɗiga daga haɓarta. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Mai amalanken ya zo a guje yana salati, da ya ga ja ko'ina ya ɗauka jini ne, sai da ya ga 'ya'yan tumatir a gemuna sannan ya koma gefe yana tari, wai shi ba dariya yake ba.

Shanunsa ne suka jawo mu. Kafin a gama, a tsince abin da ya tsira, a sami wata motar, azahar ta wuce, masu saye sun tashi. Abin da bai fashe ba ta sa aka yanyanka aka shanya ya zama kauɗa. Tsinkar farin shekarar nan haka ta tafi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Wata biyu in na gaishe ta sai ta amsa wa bangon da ke bayana.

Washegari aka jawo motar zuwa garejin makaniken nan da na raina. Ya buɗe gaba, ya leƙa. Ya zare totuwa ta farko ya ajiye a tafin hannuna. Ya zare ta biyu ya ajiye kusa da ita. Sannan ya kama bakin marayan tiyon ya cusa shi a ɗan bututun da ke shan iska. Ya shiga cif, kamar tare aka haife su.

"Taka birki, Alhaji."

Na taka. Laushi kamar tuwon shinkafa.

Ya yi mini bayani wai baƙar tukunyar nan ita ke taya ƙafa danna birki, kuma da zuƙar iska take aiki. Wai tsohon injin yana da ɗan famfonsa na zuƙa, sabon kuwa da kansa yake zuƙa ta wannan bututun. Na ce tsaya, iskar ce ke riƙe motar? Ya ce a'a, rashin iskar. Na ce to ai mun toshe, babu iskar, me ya sa bai riƙe ba? Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce in je in sha ruwa.

Har yau da nake rubuta muku wannan ban gane ba. Na tambayi direbobi, na tambayi wani malamin kimiyya, kowa ya zana mini a ƙasa, ina gyaɗa kai, in tashi yadda na zauna. Yadda babu za ta tsayar da mota mai kaya, wannan sai dai in bar wa masu aji shida. Abin da na gane kaɗan ne: in ka kwance abu ka mayar ka ga ragowa, ba wanda ya ƙera ne ya yi almubazzaranci ba. Kuma ranar da na rufe littafin nan na ce ya ce na turbo ne, da na ce ban sani ba, da an aika an tambaya, tunda garejin ba shi da nisa. Kunyar dattawa shida a kan tabarma ce ta hana ni. Abokina kuwa muna nan tare, har yanzu yana cewa laifin gangarar ne.

Sallar da ta wuce na je gaishe da yayata, ta tsufa sosai, tana zaune jikoki sun kewaye ta. Aka tado da zancen, ni kuma na gyara murya irin ta masu wa'azi, na ce wa yaran ai ban yi nadamar abin ba, domin a ranar na ɗauki darasin da babu makarantar da za ta koya mini.

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga goron da take gogawa.

"Ai kai ka ji daɗi, Auta. Kai aka koya wa karatun, tumatirina aka zane."