Aljihun Dodo

Shagon ɗinki na gada a wurin mahaifina a unguwar Gada Biyu cikin Jos, kuma tare da keken na gaji wani aiki da ba a faɗa wa kowa. Duk Disamba wani dattijo maƙwabcinmu, kafinta, Kirista ɗan asalin Filato, yakan shigo da buhu a hammata ya tura shi ƙarƙashin tebur. Rigar dodo ce a ciki, ta tsummoki da rama, wadda yake sawa washegarin Kirsimeti ya fito yana rawa yana bin yara da bulala. A al'adarsu mata da yara ba sa sanin wanda ke ciki. Telar layinsu kuwa mace ce, shi ya sa gyaran ya zama namu.

Ina yaro na sha zubar da takalmi wajen gudun dodon nan, alhali a shagonmu aka ɗinke masa hammata. Babana ya sha dariyata, bai tona mini asirin ba sai da na fara taka keke.

Sai gari ya lalace. Ba sai na ba ɗan Jos labarin rikici ba. Danginmu suka kwashe suka koma unguwar Ali Kazaure, ni ma na kai iyalina can, shagon kawai na bari, in zo da safe in rufe da la'asar. Gaisuwa ba ta mutu tsakaninmu da maƙwabta ba, gajarcewa ta yi. Kana gaida mutum kana kallon hannunsa. A da ina tsoron dodo don ban san wanda ke ciki ba, yanzu kuma da na san shi, tsoron ya fi na da, ga shi babu halin gudu.

A irin wannan shekarar dattijon ya shigo da buhunsa. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Ɗana, ka sa mini aljihu a ciki. Nan wajen ƙirji, inda hannu zai kai shap-shap. Kar kowa ya ji."

Na ce, "Baba, dodo da aljihu? Me za a sa?"

"Kai dai ka ɗinka. Babanka ba ya tambaya."

Ya gwada mini tsawon da tafin hannunsa, ya fita.

Kwana uku rigar tana ƙarƙashin tebur ina hararta. Me ake ɓoyewa a ƙirji, mai tsawon tafin hannu, da ake so a zaro da sauri a cikin taro, fuska a rufe? Zuciyata ta ba ni amsa ɗaya, ta ƙi sauyawa. A majalisa dama ana ta cewa bana a yi hattara da masu rufe fuska. In na ƙi ɗinkawa, na ci mutuncin abokin babana. In na faɗa a Ali Kazaure, na san maganar ba za ta kwana yadda na faɗe ta ba. Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka wayo ce: na ɗinka aljihun tsaf ta gefe biyu, gindinsa kuwa na bi shi da zare ɗaya, tsalle-tsalle, yadda duk abin da aka sa zai zube da an fara rawa.

Ranar fitar dodon na zo shago takanas, na tsaya a ƙofa. Bayan azahar ganguna suka karyo kwana, yara na ihu, dodo na juyi a tsakiya. Daidai gaban mai sayar da doya na ga wani abu shuɗi ya faɗo daga cikin ramar, ƙafafu suka shure shi cikin kwata. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, to, na gama da kai.

Ba a jima ba rawar ta canza. Dodo ya tsaya, hannunsa na lalube a ƙirji, yana ta lalube. Masu ganga suka zaci salo ne, suka ƙara wuta. Sai ya durƙusa, ya kife. Dole mazan suka cire masa kan a tsakiyar titi, a gaban mata da yara. Ga furfurarsa jiƙe da gumi, baki buɗe yana neman iska. Wata 'yar jikarsa ta ƙwala ihu, "Kaka ne!" Aka sa shi a keke napep zuwa asibiti.

Da titi ya watse na sa hannu a kwatar na ciro abin. Maganin asma ne, irin wanda ake fesawa a baki. Shekara nawa muna gaisawa, ban san yana da asma ba.

Allah ya sa ya tashi. Bayan sabuwar shekara ya shigo shagon, babu buhu. Aljihun kaɗai ya farke ya kawo, ya shimfiɗa a kan kekena, ya bi gindin da yatsa. Kafinta ne, ya san aikin da aka yi da kuskure, ya san wanda aka yi da gangan.

"Ɗana," ya ce, "me ka zaci zan sa a ciki?"

Na ɗauki aljihun ina jujjuya shi a hannu. Shi kuwa ya ce in gaida yara, ya fita. Aljihun yana nan cikin akwatin zarena. Dodo bai sake fitowa a layinmu ba.