Rijiyar Kawu ta Fari

A wani ƙauye na bakin iyaka, yamma da Maigatari, akwai wani tsoho, Kawu Cindo, mahaƙin rijiya. Ido ya yi rauni yanzu, amma hannun nan har gobe kamar icen kirya. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, da wuya ka sami garin da bai sha ruwan hannunsa ba. Sai dai kuskura ka yabe shi, ka ga ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda.

Rijiyarsa ta fari ce sila. Ya haƙa ta yana sabon ango, a fadamar arewa da gari. Ana gab da samun mulkin kai, Turawa suka ce kafin su tattara komatsansu sai an san rijiyar ta wace ƙasa ce, tunda iyaka ta bi ta gindinta. Baturen Ingila ya zo daga Gumel, na Faransa daga Damagaram, kowa da dattawansa da tafintansa. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar gawo, aka yarda cewa ɓangaren da ya haƙa shi ke da ita.

Dattijon tsallaken iyaka ya miƙe ya ce mutanensa ne suka haƙa. Wane ne dattijon? Baffa Ɗantala, uban Lauratu, amaryar Kawu!

Maigari ya waiwayo. "Cindo, tashi ka faɗa musu gaskiya."

Wayyo! Mutumin da in ya hango surukinsa a hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse daji, shi ne zai ƙaryata shi a bainar jama'a? Kawu ya durƙusa. Tafinta ya maimaita tambayar. Maigari ya ce, "Kai, yi magana mana!" Ko uffan. Aka bai wa tsallake rijiya.

Ba a hana mutanen garin su Kawu ruwa ba, amma sai dabbobin masu ita sun ƙoshi. Da rani matan garin kan tsaya a rana har azahar, Lauratu a cikinsu da tulu da goyo. Ba wadda ta taɓa yi mata gori, kallo kawai. Kawu ya haƙa musu wasu, duk suka ba da ruwan kanwa. Kunya ce ta kore shi yawon haƙa a garuruwan mutane.

Yau an yi famfo mai sola, zancen ya mutu. Bara jikarsu Sumayya ta dawo daga biki a tsallake tana ta santin ruwan wata tsohuwar rijiya.

"Kaka, wa ya haƙa ta? Can sun ce kakanninsu ne."

Lauratu ta ajiye tsintsiya ta dubi mijinta. "Faɗa mata, Malam. Baffa ai ya daɗe da rasuwa."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya jawo sandarsa ya shiga tonon ƙasa.