Wayar Mukarrama a Hannun Inna Azumi

Shekara goma sha tara Mukarrama tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin ƙauyensu, nan yankin Taba, ba ta taɓa tafiya ta bar mai naƙuda ba. Amma wai ita ce na'ura ta rubuta wa suna mai gudu. Ji rashin ta-ido!

Ces take bugawa a waya, darar Turawan nan mai sarki da dawakai. Tun tana makarantar koyon aikin lafiya ta iya, kuma shi ne kaɗai hutunta. Ba ta zuwa biki ta daɗe, ba ta zaman gulma. In asibiti ya yi shiru sai ta zauna gindin dalbejiya ta kara da mutanen da ba ta taɓa gani ba. To, dokar wasan ita ce, in ka yi jim ba ka motsa komai ba, an ɗauka ka tsere. A ba abokin karawarka nasara, kai kuma a yi maka gargaɗi. Na'ura ta san naƙuda? Sau nawa Mukarrama ta ajiye waya ta ruga! Har gargaɗin ƙarshe ya zo: ta ƙara sau ɗaya, a rufe mata shiga, maki na shekara uku ya zama na kallo.

Ran wata Laraba da hantsi, wasa ya yi daɗi, ta cinye wa wani mutum doki, sai ga Saminu a kan babur da matarsa Wasila, uwarsa Inna Azumi ta riƙo ta ta baya.

"Anti, faya ta fashe tun a hanya!" in ji Saminu.

Mukarrama ta dire wayar a benci.

"Shi ke nan, sun kore ni," ta ce, tana tallabar Wasila.

"Su wa?" in ji Inna Azumi.

"Masu wasan. In ban taɓa ba, wai na gudu."

"Ke kika gudu? Miƙo nan. Me ake taɓawa?"

"Inna, ba ki iya ba."

"Na ce miki zan iya? Nuna min, 'yar nan, ki wuce."

Ta nuna mata a tsaye: ki danna ɗaya daga cikin fararen nan, inda ɗigo ya fito ki sake dannawa. Ta shige ɗaki, ta manta da waya, don jaririn da cibiya a wuya ya taho. Sai da ta ji kukansa ta iya sauke numfashi.

Da ta fito tana goge hannu, Inna Azumi na nan zaune, ta kafa wa wayar ido, gumi har haɓa.

"Namiji ne, Inna. Lafiya lau."

"Alhamdulillahi! To ni kuwa wannan la'ifin ya cinye min komai. Har matar sarkin ya ɗauke, ko kunya babu."

Mukarrama ta duba. An ci ta, mugun ci ma, irin wanda rabonta da shi tun tana koyo. Amma ci ne na wanda ya tsaya har ƙarshe. Babu gargaɗi, ba a rufe komai ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar.

"Tashi ni," in ji Inna Azumi. "Gobe ma in wata ta zo, ki aika a kira ni. Na fara gane tafiyar dokin."