Ƙanƙara a Cikin Bargo

Ina tsaye a shagon wata Bayarabiya a Sabon Gari. Zamanin Turawa ne, gab da samun 'yancin kai, ina yarinya. Zazzaɓi ya kwantar da Babanmu a Fagge har ba ya gane mutane, Inna ta aiko ni neman ƙanƙara, don matar tana da firji mai kananzir.

Sai na ga ta naɗe ƙanƙarar a tsohon bargo.

Na ce, "Mama, bargo kuma? Ai narkewa za ta yi kafin in kai gida!"

Ta ce, "'Yata, bargo ba shi da wuta. In kin lulluɓa, zafin jikinki yake tsarewa kada ya fita. Yanzu kuma zafin rana zai tsare kada ya shiga. Ruga, kada ki buɗe."

Na ruga a tsakar rana ina kuka, don ban yarda da ita ba. Duk ɗigon da ya taɓa ƙafata sai gabana ya faɗi.

Da Inna ta warware bargon, ga ƙanƙara nan, kaɗan kawai ta narke. Ta jiƙa tsumma ta ɗora wa Babanmu a goshi. Can wajen la'asar ya buɗe ido ya kira sunana.

Ɗaliban kimiyya, ku a aji kuka koyi yadda zafi yake tafiya, ni a guje na koya. Ku fa, wane darasi ne tsoro ya koya muku?